Waiwaye: Daga salatif zuwa gishiri, yadda aka koyi juya zubin fallen atam

A 2004, a Jami'ar Manchesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta manna salatif a kan garafayit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, suna ɓarewa har suka samu falle mai kaurin atam ɗaya. Shi ne garafin, ya kuma kawo musu kyautar Nobel a 2010. Sai dai yana da aibi: lantarki na ratsa shi ba ya tsayawa. Ita kuwa tiranzista, ɗan makunnin lantarkin da ke cikin na'urori, aikinta ke nan, kunnawa da kashewa.

Ganin haka, hankali ya koma kan molibdenam disalfayid, baƙin garin da aka daɗe ana zubawa a giris ɗin injuna. Fallensa hawa uku ne, molibdenam a tsakiya, farar wuta sama da ƙasa, kaurin duka bai kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. A 2011 tawagar Andras Kis a Lozan ta ƙasar Suwizalan ta ƙera tiranzista da shi, ta yi aiki.

A nan ne labarin ya fi burge ni. Atam ɗin ba su canja ba, amma yadda suka jeru shi ke yanke halinsu. A zubin da ake kira 2H, fallen semikwandakta ne, wato ana iya kunna lantarki a cikinsa a kuma kashe. In layin farar wuta ɗaya ya ɗan gusa aka samu 1T, sai ya koma tamkar ƙarfe. Tun shekarun 1980 an san cusa litiyam na jawo wannan juyi, kuma a 2014 tawagar Manish Chhowalla a Jami'ar Rutgers ta yi amfani da shi wajen rage turjiyar lantarki a mahaɗar waya. Amma 1T ba ya zama. Da ya ji zafi sai ya koma gidan jiya.

Gami, wato gauraya sinadarai biyu a falle guda, shi ya fi dacewa. A cikin dangin molibdenam disalfayid, tangistin diselenayid 2H yake so, tangistin ditelurayid kuwa ya fi zama a karkataccen zubi mai kama da ƙarfe. In aka gauraya seleniyam da teluriyam, gwargwadon awo ne ke zaɓar zubi, kuma juyin na faruwa a wajen rabi da rabi.

Magana a baki da sauƙi, a tanderun da ake tsirar da fallen daga tururin sinadarai fa? Garin tangistin ba ya narkewa da wuri, teluriyam kuma ba ya saurin kamawa. A 2018 tawagar Zheng Liu a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo ta nuna cewa ɗan gishiri, har irin na girki, yana saukar da zafin narkewar. Da shi suka tsirar da falle iri 47, 13 daga ciki gami ne.

Abin da har yanzu ke ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne daidaito. Tururin sinadaran ba ya tashi kai ɗaya, don haka gefe ɗaya na faifan da ake tsirar da fallen a kai kan sha bamban da ɗayan, a bakin iyakar juyin kuma zubi biyu kan cakuɗe a falle guda. Masana'antar ƙananan ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa faifai mai faɗin milimita 300 take aiki da shi, kuma so take ko'ina ya fito iri ɗaya.