Nauyin maraƙi ranar haihuwa: gado ne ko ciyarwa?

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri guda. Maganar shanun nama nake yi.

Gadon nauyin ake yi?

Ana yi. Kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin maruƙa daga gado yake. Saura na mahaifar uwa ne, da shekarunta, da yanayi, da tsawon cikin.

Ba babban maraƙi ne ya fi ba?

A'a. Babban abin da ke hana karsana haihuwa lafiya shi ne ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta. Wanda ya taɓa tsayawa a kan irin wannan naƙuda ba ya wannan tambaya: kofato biyu sun leƙo, harshen ɗan ya kumbura, kai ya ƙi fitowa, uwa ta kwanta ta daina yunƙuri. Ko an ciro shi da rai, uwar kan jima ba ta sake ɗaukar ciki ba. Dubi shanun Beljiyam masu ninkin tsoka, waɗanda aka gano a 1997 cewa tawayar ƙwayar halitta guda ce ta ba su wannan jiki: yawancinsu sai da tiyata ake ciro 'ya'yan.

To ƙarami ke nan?

Shi ma a'a. Wanda ya cika ƙanƙanta ba ya miƙewa da wuri ya sha dakashi, sanyi kuma na kayar da shi. Tsaka-tsaki ake nema.

In rage wa mai ciki abinci don ɗan ya fito ƙarami?

Don Allah ku daina wannan! Kusan kashi uku cikin huɗu na girman ɗan tayi a watanni ukun ƙarshe yake faruwa, kuma jikin uwa zai zubar da nasa naman ya ciyar da shi. Ɗan abin da ka rage a nauyi bai taka kara ya karya ba, amma ka samu saniya marar ƙarfin naƙuda, da dakashi kaɗan, da maraƙi rarrauna. Wajen zaɓen bijimi ake gyara nauyi, tun kafin barbara.

Akwai bijimin da 'ya'yansa ke fitowa kusan nauyi ɗaya? Zan iya zaɓa a kan haka?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. A ce bijimai biyu, kowanne matsakaicin 'ya'yansa kilo 35. Na farko nasa suna tsakanin 32 da 38. Na biyu yau 26, gobe 45. A takarda ɗaya suke, amma na biyun ne zai tashe ka tsakar dare neman likitan dabbobi, shi ne kuma zai ba ka wanda ba ya iya tsayuwa.

Alamu sun nuna cewa shi kansa wannan daidaiton yana da gado. An gwada a zomaye a Faransa da ɓeraye a Sifaniya: aka dinga zaɓen iyaye masu 'ya'ya kusan kai ɗaya, zuriya bayan zuriya, tazarar ta ragu. A shanun Nelor na Burazil ma an ga bambanci tsakanin bijimai. Sai dai gadon daidaito yana da rauni ƙwarai idan aka gwada shi da gadon nauyin kansa. Kuma zomo na zuba 'ya'ya da yawa a haihuwa guda, ka auna su nan take. Saniya ɗaya take ba ka a shekara.

Nan gizo ke saƙar. Da maruƙa goma ba za ka yanke wa bijimi hukunci ba. Wataƙila rabin iyayen karsana ne, rabi manyan shanu. Wataƙila maza sun fi yawa. Wataƙila wasu an haife su cikin sanyi, wanda kan ƙara nauyi, wasu cikin zafi, wanda kan rage shi. Ciki kansa kusan kwana 283 ne, na shanu masu tozo ya kan ɗara haka, kuma kowace rana ta ƙari ɗan yana ƙara tsoka. Har wanda ya zama uba da wadda ta zama uwa yana da tasiri: bijimin Brahman a kan saniyar Angus kan ba da ɗa mai nauyi fiye da bijimin Angus a kan saniyar Brahman, alhali jinin rabi da rabi ne. Ƙari a kan haka, manyan nau'o'i sun fi yawan tazara, don haka mai bin daidaito ido rufe zai iya janyo nauyin garkensa ƙasa bai sani ba, nauyin yaye ma ya bi shi, tunda su biyun tare suke tafiya a gado.

Shawarata, ga karsana nemi bijimin da aka riga aka auna 'ya'yansa masu yawa a garke daban-daban. Inda ake buga alƙaluman EPD, wato hasashen yadda 'ya'yan bijimi za su bambanta da na sauran bijimai, duba na sauƙin haihuwa kafin na nauyi, ka duba kuma ƙarfin ingancin alƙalamin. Daidaito ka riƙe shi a matsayin ƙarin sheda idan bijimai biyu sun yi kunnen doki.

Bijimin da kansa an haife shi ƙarami, bai isa sheda ba?

Bai isa ba. Ƙila tagwaye ne, ƙila uwarsa karsana ce.

Gwajin ƙwayoyin halitta fa?

Yana taimakawa ga matashin bijimin da bai haifa ba tukuna. An san wasu ƙwayoyin gado masu tasiri, kamar PLAG1 a kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 14 da NCAPG a na 6, amma ɗaruruwan ƙwayoyi ne ke haɗuwa. Kada ka jefar da sikeli saboda shi.

Maruƙana sun bambanta sosai bana. Na yi kuskure ne?

Kwantar da hankalinka. Namiji kan fi mace da kilo biyu zuwa uku, wannan ba laifin kowa ba ne. Raba lissafin maza da mata, na karsana da na manyan shanu, sannan ka sake dubawa.

Dole sai na auna? Ido bai isa ba?

Dole. Cikin awa 24, a kan sikeli, kowane maraƙi har da wanda ya zo ba rai. Rubuta uba, uwa, jinsi, rana, da ko an ja shi da hannu.