Garantin batirin mota

Garantin batir alkawari ne da kamfani ko dila ke yi wa mai saye cewa in batirin ya daina riƙe caji cikin wani ƙayyadadden lokaci saboda aibin da ya fito da shi daga masana'anta, za a canza masa. A Najeriya wa'adin yakan kama daga wata 6 zuwa shekara guda, ana ƙirgawa daga ranar da ke kan rasit. Batirin hannu, wanda ake kira na Beljiyam, galibi ba shi da garanti sai 'yan kwanakin gwaji.

Batirin mota na dalma da ruwan asid ne. Yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da kusan volt 2.1, don haka cikakken batir yakan nuna 12.6 a mita. In ɗaki ɗaya ya mutu sai ya tsaya wajen 10.5, ko an kwana ana yi masa caji. Wannan shi ne irin aibin da garanti ya fi karɓa. Kafin dila ya yarda, mai wayarin zai auna altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, mota na kunne. In ba ta ba da tsakanin 13.8 da 14.4 ba, laifin na mota ne.

Garanti ba ya ɗaukar batirin da ya fashe, ko aka bar ruwansa ya ƙafe, ko aka zuba masa ruwan rijiya. Nan ne mutanen karkara suka fi asara. A ƙauyukan Ringim ko Wudil akan cire batir a jona da faifan sola don cajin waya da kunna talabijin, alhali an ƙera shi ne don tayar da inji na 'yan daƙiƙu. Zuƙe shi ƙarƙaf kullum yana sa farin gishiri ya daskare a farantansa. Zafin Afrilu da Mayu kuma na ƙara cinye shi.

Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 a gyara, a canza, ko a biya shi kuɗinsa. Abin takaici, direban da ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano bisa amana, ba rasit, ba hatimin kwanan wata, da wuya ya iya kafa hujja, ga kuɗin motar komawa Kano.