Rediyon Jami'o'i a Amurka da Kiɗan Indie Rock

Rediyon jami'a shi ne gidan rediyon da wata jami'a ko kwaleji ke riƙe da lasisinsa, ɗalibai kuma su ke gabatar da yawancin shirye-shiryensa, galibi ba a biyan su ko sisi. A Amurka waɗannan tashoshi sun yi suna ne da abu guda, wato sanya waƙoƙin rock waɗanda gidajen rediyon kasuwanci suka ƙi kulawa. A shekarun 1980 ana ce wa wannan kiɗa college rock, daga baya sunan alternative ya yi rinjaye. A yau an fi cewa indie rock, musamman idan faifan ya fito daga ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa. Tashoshi da yawa kan haɗa tsofaffin waƙoƙin shekarun 1980 da 1990 da sababbin da suka fito a makon, duk a shiri ɗaya.

Asali

Doka ce ta share fagen, tun kafin a san da irin wannan kiɗa. A 1945 hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, FCC, ta keɓe ƙasan zangon FM, daga mita 88 zuwa 92, ga tashoshin ilimi da ba na neman riba ba. A 1948 ta fara ba makarantu lasisin ƙananan tashoshi masu ƙarfin wat 10, waɗanda da ƙyar muryarsu ke wuce harabar makaranta da unguwannin kewaye. Shekara da shekaru ana amfani da su wajen koyar da aikin watsa labarai, da sharhin wasannin makaranta, da sanya kiɗan gargajiyar Turai.

A 1978 hukumar ta sauya tsari, bayan matsin lamba daga ɓangaren rediyon gwamnati da ke neman fili a zangon. Aka ce duk tashar da ke kan wat 10 ta ƙara ƙarfi zuwa aƙalla wat 100, in ba haka ba ta rasa kariyar da doka ke ba mitarta. An yi zaton ƙananan tashoshin za su watse su bar wuri. Da yawansu sai suka nemo kuɗi suka ƙara ƙarfi, muryar ɗalibai ta fara karaɗe gari. Hakan ya zo daidai da lokacin da kiɗan punk, wani salon rock mai zafi da sauri, da abin da ya haifa ke fitowa daga Landan da Manchesta da New York, yawancin tashoshin kasuwanci kuma ba sa son sa. A shekarar ce dai Robert Haber ya kafa mujallar CMJ, wadda ke tattara jerin waƙoƙin da tashoshin jami'o'i suka fi sanyawa ta fitar da jadawali. Da jadawalin nan ne ɗaruruwan tashoshin da ba su san juna ba suka zama tamkar murya ɗaya, kamfanonin faifai kuma suka fara aiko musu da kaya kyauta.

Yadda ake gudanar da tasha

Babu talla irin ta kasuwa. Doka ta yarda a ambaci sunan wanda ya ba da gudummawa, amma ba a faɗin farashi, ba a kuma kiran mai sauraro ya zo ya saya. Kuɗin tasha kan fito ne daga harajin ɗalibai da gidauniyar da ake buɗewa a iska, ana roƙon masu sauraro. Wannan rashin ubangida shi ne sirrin abin. Mai gabatarwa ba ya tsoron wani ɗan kasuwa zai janye tallarsa don an sa waƙa mai ƙara ko mai tsawon minti goma.

Mutum mafi faɗa a ji shi ne daraktan kiɗa, wanda sau da yawa ɗalibi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Shi ke sauraron sababbin faya-fayen da suka iso, ya ware waɗanda za a riƙa maimaitawa a mako, ya sa alama a kan waƙoƙin da ke da zagi ko batsa, domin hukuma ba ta yarda a sa irinsu ba sai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Sauran lokacin kuwa na mai gabatarwa ne, ya zaɓi abin da ransa ke so. Shi ya sa ake jin tuntuɓen harshe, da shirun da ba a shirya ba, da faifan da aka sa a gurguje bisa kuskure. Masu ƙaunar tashoshin ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi.

Shekarun 1980

Ƙungiyar R.E.M. ce misalin da kowa ke fara kawowa. An kafa ta a 1980 a Athens, garin jami'ar jihar Jojiya. Tashoshin ɗalibai ne suka ɗauki faifanta na farko a 1981, kuma kundinta Murmur na 1983 ya zama gwarzon shekara a mujallar Rolling Stone alhali rediyon kasuwanci bai san da shi sosai ba. Sai a 1988 ta koma babban kamfanin Warner. Ta tashoshin ɗalibai ne kuma aka san Hüsker Dü da The Replacements daga jihar Minnesota, da Sonic Youth daga New York, da Pixies daga Boston. Mawaƙan Ingila irin su The Smiths da The Cure ma ta nan suka fara samun masoya a Amurka. Waɗannan ne a yau ake kira tsofaffin manya na alternative.

Abin da ya faru a jihar Washington ya fi nuna yadda tasha ke haifar da kasuwa. Tashar KAOS ta kwalejin Evergreen da ke Olympia ta kafa ƙa'ida cewa kashi 80 cikin ɗari na kiɗan da za a sa ya fito daga ƙananan kamfanoni. A can Bruce Pavitt ya yi shiri, Jonathan Poneman kuma ya yi nasa a tashar KCMU ta jami'ar Washington da ke Seattle. Su biyun ne suka gina kamfanin Sub Pop, wanda ya fitar da kundin ƙungiyar Nirvana na farko a 1989. Kundinta na biyu, Nevermind, ya fito a Satumbar 1991 daga babban kamfani, a Janairun 1992 kuma ya ture Michael Jackson daga saman jadawalin mujallar Billboard na kundayen da aka fi saya.

Nasarar ta zo da tsadarta. Tun 1988 mujallar Billboard ta buɗe jadawali na musamman ga wannan kiɗa, bayan Nirvana kuwa sai tashoshin kasuwanci suka mai da alternative tsarin shiri na yini sukutum. Abin da ɗalibai suka yi rainonsa ya zama hajar kowa. Tashoshin jami'o'i suka ja da baya zuwa ga ƙananan kamfanoni irin su Matador da Merge, kuma daga nan ne sunan indie rock ya kankama. Merge, da aka kafa a 1989 a jihar North Carolina, shi ya fitar da kundin Arcade Fire na farko a 2004, ƙungiyar ta kuma ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2011.

Intanet da sayar da mitoci

Tashoshin ɗalibai na cikin waɗanda suka fara hawa intanet. WXYC ta jami'ar North Carolina a Chapel Hill ta fara watsa shirye-shiryenta kai tsaye ta yanar gizo a Nuwamban 1994. Sai dai intanet ɗin ne ya zama hujjar shugabannin wasu jami'o'i na rabuwa da mitar FM, da cewa matasa sun daina kunna akwatin rediyo. A 2011 kaɗai an sayar da mitocin KTRU ta jami'ar Rice, da KUSF ta jami'ar San Francisco, da WRVU ta jami'ar Vanderbilt. Ta Rice an sayar da ita kan dala miliyan 9.5. A 2014 jami'ar Georgia State da ke Atlanta ta miƙa sa'o'in rana na tashar WRAS, mai ƙarfin wat 100,000 a lokacin, ga rediyon gwamnatin jihar. Cikin wannan guguwa ce aka fara bikin Ranar Rediyon Jami'a a Oktoban 2011, bisa jagorancin Rob Quicke na jami'ar William Paterson. Jadawalin CMJ ma ya tsaya, wani mai suna NACC ya gaje shi.

Tasirin tashoshin bai kai na da ba, tunda dandalin intanet irin su Spotify da YouTube da Bandcamp sun raba musu aikin gano sabon mawaƙi. Duk da haka ƙananan kamfanoni ba su daina aika musu da faya-faye ba, kuma ƙungiyoyi irin su Big Thief da Alvvays da Wet Leg sun sha juyi a cikinsu. KCMU ta Seattle ta koma KEXP a 2001, yanzu ba ɗalibai ke tafiyar da ita ba, amma bidiyon wasannin da take ɗauka a ɗakinta ana kallon su a duniya baki ɗaya. Cikin waɗanda suka yi wasa a can har da Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, kamfanin Matador kuma ya fitar da kundinsa Afrique Victime a 2021.