Wanki ba ya raba tsumma da mai: hattara da injin busar da kaya

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar tawul ya fito daga wanki, komai man da ya sha, ana iya jefa shi injin busar da kaya hankali kwance. Kuskure ne, kuma yakan jawo gobara.

Man girki yana maƙalewa cikin zaren auduga, sabulu ba ya fitar da shi duka. Shinshina tsumman kicin bayan wanki, sau da yawa ƙarnin yana nan. Idan ragowar man ya ɗau zafi, sai ya riƙa haɗuwa da iskar oksijin, haɗuwar kuma zafi take ƙara haifarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wutar tana iya tashi bayan an kashe injin: an kwashe kaya da zafinsu an danna a kwando, zafin ya rasa mafita, tsakiyar tarin ta fara hayaƙi ana can ana barci.

Shi ya sa injin yake ƙarasa aikinsa da iska mai sanyi. Kada ka katse shi. In dole ta sa, baza kayan nan take. Tsumman da ya jiƙe da mai kuwa, wanke shi da ruwan zafi, ka shanya a igiya.