Gurguzu Mai 'Yanci

Gurguzu mai 'yanci suna ne da ake bai wa rukunin ra'ayoyin siyasa da ke neman haɗa abu biyu: manyan masana'antu da ma'adanai su zama mallakar jama'a, kuma kowane mutum ya ci gaba da faɗin albarkacin bakinsa, ya zaɓi shugabanninsa, ya zaɓi sana'arsa. Ba mazhaba ɗaya ba ce. Masu wannan ra'ayi sun yi tarayya ne kan cewa mai jin yunwa ba shi da cikakken 'yanci, kuma wanda aka ƙosar aka rufe masa baki shi ma ba ɗa ba ne.

Asali

Yawancin masu tarihi na mayar da tushen batun ga tsakiyar ƙarni na 19. John Stuart Mill na Ingila, wanda ya yi suna wajen kare 'yancin mutum, ya karkata a ƙarshen rayuwarsa ga ra'ayin cewa ma'aikata su mallaki wuraren aikinsu ta hanyar ƙungiyoyin gama kai. A cikin ƙungiyar ma'aikata ta duniya ta farko kuwa, Mikhail Bakunin ya ja da Karl Marx, yana gargaɗin cewa gwamnatin da ta tattara dukiya duka a hannunta za ta haifi sababbin iyayengiji. An kori Bakunin daga ƙungiyar a taron da ta yi a birnin Heg na ƙasar Holan a 1872.

Juyin juya halin Rasha na 1917 ya mayar da gardamar ta zahiri. Rosa Luxemburg, wadda ita kanta 'yar gurguzu ce ta gani-kashe-ni, ta rubuta daga kurkuku a 1918 tana sukar 'yan Bolshebik, waɗanda suka karɓe mulkin Rasha, kan hana zaɓe da danne jaridu. A cewarta, 'yanci na gaskiya shi ne 'yancin wanda ra'ayinsa ya saɓa da naka. Carlo Rosselli na Italiya ya faɗaɗa wannan tunani yana tsare a tsibirin Lipari ƙarƙashin mulkin Mussolini, inda ya nuna cewa gurguzu magajin fafutukar 'yanci ne. An kashe shi a Faransa a 1937.

Suka

Suka mafi nauyi ta fito daga masana tattalin arziki na Ostiriya. A 1920 Ludwig von Mises ya ce idan babu kasuwa babu farashi na gaskiya, don haka mai tsara tattalin arziki lalube kawai zai riƙa yi cikin duhu. Friedrich Hayek ya ƙara da hujjar siyasa a 1944: idan gwamnati ce kaɗai mai ɗaukar aiki, kuma ita ke da madaba'a da takarda, wa zai iya ɗaga mata murya? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma 'yan gurguzun kirki ba su raina ta ba. Oskar Lange na Folan ya amsa hujjar Mises kan farashi tun wajen 1936, da shawarar a bar kasuwa ta yi aiki ko da masana'antu na hannun jama'a. Ba a daddale kan wanda ya yi rinjaye ba.

Gwaji a aikace

Birtaniya ce misalin da aka fi kawowa. Bayan zaɓen 1945, gwamnatin jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta mayar da Bankin Ingila hannun gwamnati a 1946, ma'adanan kwal a 1947, jiragen ƙasa da lantarki a 1948, sannan ta kafa hukumar lafiya ta kyauta a wannan shekara. Duk da haka jaridu sun ci gaba da caccakar ta, kuma da ta faɗi zaɓe a 1951 ta sauka salin-alin. Sai dai mahaƙan kwal da yawa sun tarar cewa uban gida kawai aka sauya, domin hukumomin da aka naɗa ba su ba ma'aikaci ta cewa ba. Wannan ƙorafi ne ya ƙarfafa masu cewa mallakar gwamnati daban, mallakar jama'a daban.

Yugoslabiya ta bi wata hanya daga 1950, ta miƙa tafiyar da masana'antu ga majalisun ma'aikata, amma jam'iyya ɗaya ce ta ci gaba da mulki. A Cekoslobakiya, shugaban jam'iyyar kwaminis Alexander Dubček ya sassauta takunkumin jaridu a 1968, sai tankokin ƙawancen Waso, wato na Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, suka mamaye ƙasar a watan Agusta. A Chile, majalisa ta amince da karɓe ma'adanan tagulla a 1971 a zamanin Salvador Allende, ɗan gurguzun da ya hau mulki ta hanyar zaɓe. Sojoji suka kifar da shi a 1973.

Halin yanzu

Jam'iyyar SPD ta 'yan gurguzun dimokuraɗiyya a Jamus ta jingine manufar mallake masana'antu a 1959, Leba ta Birtaniya kuma ta gyara sashen tsarin mulkinta da ke magana kan haka a 1995. A yau an fi tattauna batun ta fuskar ƙungiyoyin gama kai irin Mondragon ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1956.