Tsarin kiwon lafiya a Najeriya

Kiwon lafiya a Najeriya ya rabu ne tsakanin matakan gwamnati uku. Gwamnatin tarayya ce ke riƙe da asibitocin koyarwa da na ƙwararru, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Ibadan da aka buɗe a 1957. Jihohi ke kula da manyan asibitocin garuruwa. Ƙananan hukumomi 774 kuwa an bar musu matakin farko: ɗakunan shan magani da ƙananan asibitoci, inda ake awon ciki, da rigakafin yara, da karɓar haihuwa, da maganin zazzaɓin cizon sauro.

A nan gizo ke saƙar. Matakin da ya fi kusa da talaka, wanda kuma ya fi ceton rai, shi aka ɗora wa gwamnatin da ta fi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Idan ɗakin shan magani ya rasa magani ko ungozoma, mai ciwo sai ya nufi kemis, ko ya tafi asibitin koyarwa da zazzaɓin da ya kamata a gama da shi a unguwa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan gyara wannan tushe, kuma a 1992 aka kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko, NPHCDA. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da wani asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Manufofi na fitowa ne daga Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda minista ke zama da kwamishinonin jihohi. Sa ido kuma na hannun hukumomi daban-daban. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ke ba likitoci lasisi, tana kuma hukunta masu sakaci; ma'aikatan jinya da ungozomomi na da tasu majalisar, haka ma masu haɗa magunguna na da tasu, wadda ita ce ke yi wa masu kemis rajista. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ke tantance magani da abinci, kuma ta yi suna wajen yaƙi da jabun magunguna zamanin da Dora Akunyili ke shugabantarta. Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, ke bibiyar annoba kamar kwalara da zazzaɓin Lassa.

Batun kuɗi ya fi komai ciwo. A sanarwar Abuja ta 2001, ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kasafin tarayya bai kai nan ba. Inshorar lafiya ta NHIS ta fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. Dokar 2022 ta maye gurbinta da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.