Kaɗaici da keɓewa a lokacin tsufa

Kaɗaici shi ne ƙuncin da mutum ke ji idan mu'amalar da yake samu da jama'a ba ta kai wadda yake so ba, ko a yawa ko a zurfi. Keɓewa kuwa abu ne da ake iya ƙirgawa, wato ƙarancin masu ziyara, da abokan hira, da tarukan da mutum ke halarta. Masana suna raba su biyu, domin akwai dattijon da ke zaune shi kaɗai hankalinsa kwance, akwai kuma wanda ke cikin gida cike da jikoki amma ba shi da wanda zai faɗa wa abin da ke ransa.

Tarihin nazari

A 1961 Elaine Cumming da William Henry suka kawo ra'ayin cewa janyewar tsoho daga jama'a ɗabi'a ce ta tsufa, kuma tana amfanar tsohon da jama'ar duka. Ra'ayin ya sha suka, musamman daga masu bin Robert Havighurst, wanda ke ganin gamsuwar tsoho tana tattare da ci gaba da harkokin da ya saba. A 1973 Robert Weiss ya bambanta kaɗaicin rashin makusanci guda, kamar na wanda matarsa ta rasu, da kaɗaicin rashin abokai da maƙwabta. Amfanin wannan bambanci a fili yake, tunda yawan baƙi ba ya cike gurbin abokin zama na shekara hamsin. A 1978 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas suka fitar da ma'aunin kaɗaici mai tambayoyi 20, wanda har yau ake amfani da sigoginsa da aka gyara. Wajen farkon shekarun 1990 Laura Carstensen ta bayyana cewa tsofaffi kan rage abokan hulɗa da gangan, su riƙe 'yan kaɗan da suka fi kusa da zuciyarsu, don haka ba kowace raguwa ce matsala ba.

Dalilai

Manyan dalilai su ne rasuwar miji ko mata da sa'o'i, da ritaya, da ƙaurar 'ya'ya, da rashin lafiyar da ke hana fita. Raunin ji yana da nasa tasiri, wanda ba a cika lura da shi ba. Tsohon da ba ya ji sosai yakan gaji da cewa a maimaita masa magana, sai ya koma gyaɗa kai yana murmushi, daga nan ya daina zama inda ake hira.

Illa ga lafiya

A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka haɗa sakamakon bincike 148 da ya shafi mutum fiye da 300,000, suka gano cewa masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi sauran yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. An kuma danganta keɓewa da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon mantuwa, ko da yake ana taƙaddama kan wanne ke jawo wani. A tsananin zafin da aka yi a Shikago a 1995, mutum fiye da 700 suka rasu, da yawansu tsofaffi ne masu zaman kaɗaici a ɗakunan da ba mai leƙa su.

Hanyoyin magancewa

Wani nazari na 2011 da John Cacioppo ya shiga ciki ya nuna cewa gyara tunanin mai kaɗaici game da yadda mutane ke kallonsa ya fi tasiri a kan tara shi da jama'a kawai. Daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna akwai waɗanda ke ba tsoho aikin yi maimakon zaman jiran taimako. A Ostireliya, tun wajen shekarun 1990, aka fara buɗe rumfunan da maza masu ritaya ke haɗuwa suna aikin kafinta da gyare-gyare, hira na shigowa ana cikin aiki. A garin Deventer na ƙasar Holan, wani gidan kula da tsofaffi ya ba ɗalibai masauki kyauta, su kuma su yi awa 30 a wata tare da mazauna gidan. Na'urar taimakon ji da sauƙin sufuri su ma suna cikin magani. Batun kiran bidiyo da mutum-mutumi masu ɗebe kewa kuwa, sakamakon bincike bai zo ɗaya ba.

Matakan hukumomi

Birtaniya ta naɗa Tracey Crouch ministar kula da kaɗaici a Janairun 2018, Japan ta bi sahu a Fabrairun 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti kan alaƙar zamantakewa a Nuwamban 2023.